Akwatin Giyar Jirgin Baba

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aikin ƙungiya? Baba yana gaishe ka. Dungulmin ƙafar ya warke, yana dogara sanda har bakin ruwa.

Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata. Akwatin giyar injin jirgin ruwan Baba ya dawo daga gareji. Makanike ya farke shi kaf, ya sauya haƙoran da suka cinye, ya mayar. Ranar Asabar zan ɗora shi. Ina roƙon ka aiko mini da sarƙar ɗaga inji da ke rumfarka a ƙetare. Kuma tunda kai ne shugaban masu jirage, ka sa mini ranar da za a duba jirgin a ba ni izinin ɗaukar fasinja.

A gaida Gwaggo da yara.

Ƴarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, duk muna lafiya. Ki gaida Yaya.

Ba zan aiko da sarƙa ba. Akwatin giyar da aka farke aka ɗinke gawa ce aka shafa wa hoda. Kin manta ranar da jirgin nan ya ƙi shiga ribas, ya daki dakalin tasha da mutum talatin a ciki, ya matse ƙafar mahaifinki? Ƙungiya ta zauna ta ce sakacinsa ne, ta dakatar da jirgin, magana ta ƙare. Ƙafa ɗaya ta isa gidan nan sadaka. Kin tuƙa jirgi kusa da ubanki, na sani, amma riƙon sitiyari daban, ɗora giya daban. Ki bari masu sayen tsohon ƙarfe su zo su kwashe.

Allah Ya shirye ki.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shirun mako uku, hannuna ne bai rabu da baƙin mai ba.

Giya ta hau. Gungume uku na kafa, na ɗaura igiya, matan da ke banda kifi a tasha su huɗu suka ja mini. Ɗaya ta ce, "Auta, in abin nan ya faɗo mini a ƙafa, ke za ki riƙa goya ni." Bai faɗo ba.

Ɗorawar ba ita ce wahala ba, saitin ne. Kwana uku ina kwance a cikin jirgi ina daidaita bakin giya da sandar farfela, in kwance noti, in cusa siririn ƙarfe, in ɗaure, in sake aunawa. Baba yana zaune a kan benci yana cewa, "Saura kaɗan ta hagu." Bayan an tada inji na yi yawo babu kowa, na juye man farko, na tace shi a farin ƙyalle. Ko ɓurɓushin ƙarfe babu. Kullum da safe sai na duba mai, na taɓa notuna, na saurari kukanta. Tana shiga gaba, tana shiga ribas, kamar an shafa mata man shanu.

Yanzu ga abin da na ɓoye a wasiƙar farko don ina jin nauyinka. Da makanike ya buɗe akwatin ya kira ni ya ce, "Wa ya ɗora wannan a baya? A karkace ya zauna, kuma biyu daga notunan gindinsa ba nasa ba ne. Wata da watanni yana cin kansa." Na dawo gida na tambayi Baba. Sai ya ce, "Ƙanena ne, ranar yana sauri. Ki bar maganar."

Shekara guda ke nan ana cewa Baba gyangyaɗi ya yi a kan sitiyari. Ya haɗiye, kai kuma kana kan kujera aka yanke masa hukunci, ba ka ce uffan ba. Shi ya iya haɗiyewa, ni maƙogwarona ƙarami ne. Duk da haka ba zan kai ka gaban kowa ba, ya hana ni. Amma jirgin nan ba zai tafi wurin masu tsohon ƙarfe ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Ranar Alhamis da hantsi zan tuƙo shi in ɗaure a tasharku. Ko dai ka shigo da sifana ka duba aikina noti bayan noti, ko ka kore ni a gaban jama'a ka faɗa musu dalili.

Na bar ka lafiya.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Sau uku.

Kada ki taso sai na iso. Zan ƙetaro da kwalekwale da sassafe, mu dawo tare a jirginki. Na kira taron ƙungiya ranar, akwai maganar da zan yi, kuma ina so Yaya ya ji ta da kunnensa. Gangaren tasharmu yana da santsi, sanda ba za ta yi masa ba. Ki tambaye shi ko zai yarda in goya shi.

Baffanki