Yatsuna sun fara kama da naki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Saratu, wadda ta huta cikin Ubangiji.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Yesu. Bayan gaisuwa, Inna, abin da nike gudu ya cim mani.

Ciwon gaɓoɓin da ya kwantar da ke shekara bakwai ya shigo hannuwana, damina biyu ke nan. Da safe yatsuna ba su buɗuwa sai hantsi. Jiya na tsoma su cikin ruwan ɗumi, sai na ga babban yatsan dama ya fara karkacewa yadda naki ya fara.

Na tuna ranar da kika kasa ɗaura zane, na ɗaura maki, kika juya ga bango don kar in ga hawayenki. Kullum kikan ce, "Ciwo baƙo ne, yana tafiya." Inna, naki bai tafi ba.

Ɓoyewa na yi. Ko mijina Ishaku ce mashi nike gajiyar matsar gyaɗa ce. Ni kaɗai na je gidan likita a Agiye, aka ce mani wannan lallashinsa ake da magani, ba a raba shi da jiki.

Lahadin da ta wuce asirina ya tonu. Ana cin Jibin Ubangiji a coci, ƙoƙon sha ya kuɓuce mani gaban jama'a. Ƙawarki Mama Rifkatu ta kama hannuna, ta daɗe tana dubansa, don ta san ciwon tun a jikinki. Kashegari matan zumuntar coci huɗu suka zo, suka surfa gero, suka matse mani gyaɗar. Maƙwabciyarmu Hajiya Indo ta ce ɗibar ruwa ta koma wuyanta. Ishaku ya yini bai kula ni ba saboda ɓoyon, da la'asar ya zo ya shafa mani maganin.

Na gode masu, amma tsoron na nan. Jikarki Talatu ta fara satar kallon hannuwana, sannan ta kalli nata. Me zan ce mata, Inna? Ke ya kika yi kika riƙa yabon Allah a kan tabarmar nan? Ina tsoron zafi ya sa in yi mashi gunaguni.

Ubangiji ya ƙetarar da Talatu. Ni ko, in bai ɗauke mani ba, ya ba ni haƙurinki, kar ya bar ni ni kaɗai. Amin.

Ɗiyarki Hannatu, daga Gazawa.
Daga tsakiyar wasiƙar nan hannun Ishaku ne, alƙalami ya gagare ni.