Akushin da Na Fasa a Gaban Natan

Daga Antakiya, zuwa ga yayana Eliyakim a Iskandariya.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Zilfa da yara. Yaya ƙafar nan taka, ta bar ka kana zuwa majami'a kuwa? Mu nan lafiya lau, in har za a ce "mu", don tun rasuwar mijina Yoram gidan nan ni ce da kaji. Jajibirin Asabar nakan kunna fitila in zauna ina kallonta, ba mai ce mini miya ta yi gishiri.

Yaya, maganar ɗana Natan ce ta sa na aiko. Ka dai ji ya shiga cikin mutanen nan masu cewa Almasihu ya riga ya zo, waɗanda 'yan gari ke tsokana da suna Kirista. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, tunda bai bar majami'a ba, bai bar Attaura ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cin abinci da yake yi da Helenawa marasa kaciya, hannu ɗaya, kwano ɗaya. Na yi faɗa har na gaji, shi kuwa sai murmushi, ka san halin ubansa ne ya kwaso.

Ana jajibirin Idin Ƙetarewa na gama share gida. Kwana uku ina fama, na leƙa kowane lungu, na kankare tukwane, na ƙone ɗan guntun yistin da ya rage, tunda shari'armu ta hana yisti a gida lokacin idin. Da hantsi sai ga Natan da abokinsa, wani Bahelene maƙeri mai suna Filemon, ya zo gaishe ni. Mutum mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce matarsa ta ji muna da idi, shi ne ta toya mini abin kirki. Kafin in buɗe baki ya kwance ƙunshin, ya ajiye a cikin akushin yumɓun Inna, wanda ka bar mini ranar da za ka tafi. Gurasa ce, Yaya, ta kumbura fam, yisti har ƙamshinsa ake ji.

Ban san lokacin da na ɗauki akushin na maka shi da ƙasa ba. Bawan Allahn nan ya tsaya sororo, ya sunkuya yana tsince gutsattsarin yana ba ni haƙuri, bai ma san laifinsa ba. Natan ya ce mini a hankali wai ɗan'uwansa ne, rashin sani ne ya sa. Ni kuma da bakina na ce ɗa ɗaya na haifa, shi ma ban tabbata yana nan ba. Ya kama hannun abokinsa suka fita. Idin nan ni kaɗai na ci ganye mai ɗaci, maƙwabta sun kira ni na ce kaina ke ciwo.

Mako shida ke nan bai taka gidan ba. Yakan aiko da gari da mai ta hannun Rahila mai wanki, ita ce ma ta gaya mini an zaɓe shi cikin masu kai saƙon Kiristan nan ƙasashe, jirginsu ya tashi shekaranjiya, kuma Iskandariya za su sauka. Bai zo sallama ba. Na san a shari'a ban yi kuskure ba, dattawa ma sun yaba mini, amma yabon bai hana ni kuka ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina tsoron in mutu maganar nan ce ta ƙarshe da ya ji daga bakina.

Ka gaishe mini da Zilfa, da Abigel da mijinta, da Baba Matatiya in yana gane mutane har yanzu.

Natan ba shi da kowa a garinku sai kai, kawunsa. In ya ƙwanƙwasa ƙofarka, don Allah ka zaunar da shi ya ci, kada ka tambaye shi da wa ya ci jiya. In zuciyarka ba ta kwanta da kwanon ba, ka fasa shi, amma ka bari sai ya tafi. Ka kuma gaya masa uwarsa ta ce ɗanta yana nan.

Ƙanwarka mai kewarku,
Hulda