Wuyan Rigar Bana

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Legas? Ya ƙafar Anti Rabi? Mu nan unguwar Ali Kazaure kowa lafiya.

Ka san al'adar Baba a shago, kowace Sallah sai mun fito da sabon aikin wuyan riga. Tun da gobarar kasuwar Taminus ta cinye littafin zanensa, daga kaina nake fitarwa. Na bana wata biyu na yi ina zanawa ina gogewa. Na rataye rigar ran Litinin, kafin Juma'a telolin layinmu sun kwafe da zare mai arha.

Jiya wani direba ya shigo da riga a leda, ya ce, "Oga, za ka iya min irin wannan? Sabon yayin Kano ne." Yaya, aikina ne, har da kuskuren da na yi kusa da aljihu. Na ce zan gwada.

Kaina ya ƙafe, ba na jin zan sake zana wani. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Anti da yara. Rigarka ta Babbar Sallah tana tafe, sai dai ka yi haƙuri, wuyan bara ne.

Ƙaninka,
Habibu