Rasuwar Malama Hamsatu, Mai Randunan Gardawa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Maginan Tukwane ta Tasawa da Mayahi ta samu labarin rasuwar uwarta kuma jagorarta, Malama Hamsatu 'yar Malam Namadi, Uwar Magina ta Urafane, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi bayan gajeruwar jinya.

Shekara arba'in marigayiya tana cuɗa yumɓu, amma abin da ya fitar da sunanta shi ne randunan da take ƙawatawa da siffofin gardawa, iyalan nan masu yawo kasuwa-kasuwa da kura da birai da macizai a duk kakar gyaɗa. Mu da muke kallonsu mu yi dariya mu watse, ba mu taɓa tambayar inda suke sauka ba. Ita kuwa bin su take yi har masauki, ta dawo ta fitar mana da su a jikin randa: ga mace na shayar da jariri kusa da kura mai takunkumi, ga tsoho na ɗinkin warki, ga amarya bisa jaki tsakanin kwandunan macizai. Wanda ya ga randarta a bikin Jamhuriya na bara ba zai manta ba, domin sai da jama'a suka bar makaɗa suka yi mata zobe, har Mai girma Sufurfe, shugaban gundumarmu, ya taso daga kujerarsa ya leƙa. Wallahi mun yi alfahari ranar nan, har da waɗanda a da suke cewa ɓata yumɓu take yi.

Marigayiya ta bar randa guda ɗanya, mafi girma a duk aikinta, mai ɗauke da zuriyar Yakubu Mai Kura tun daga kakansa. A al'adarmu, abin da magini ya mutu ya bari bai gasa ba, farfasa shi ake yi a mayar da shi ramin yumɓu. Har an sa ranar yin haka sai ga Yakubu da iyalinsa sun baro kasuwar garin Cake da jakuna bakwai ɗauke da kara da busasshen kashin shanu, suna roƙon a gasa ta, domin ba su da gida ko hoto, a jikinta kaɗai 'ya'yansu za su ga kakanninsu.

Ƙungiya na farin cikin sanar da jama'a cewa dattawan magina sun amince. Babbar 'yar marigayiya, Malama Aishatu, ita za ta sa wuta ranar sadakar bakwai a Urafane, kuma muna gayyatar kowa da kowa.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta Malam Abdussalamu, da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna makoma, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi. Ta'aziyyarmu kuma ga iyalin Yakubu, waɗanda ba a taɓa ganin sun kwana uku a gari guda ba, amma ga su zaune bisa tabarmar makoki, gyaɗa na ta shiga kasuwanni, sun ce ba inda za su sai randa ta huce.

Malam Laminu Ɗan Malam
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Tasawa, Nuwamba 1966