Garin Gwaggo da Ɓerayen Glory

6 ga Oktoba

Ƙanwata Glory,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya karatu, yaya zaman Kano? Mu nan kowa lafiya, an gama yankan gero. Gwaggo ƙafa ce dai ke damun ta, baki kuwa lafiyarsa lau, tunda daga safe har yamma zancenki take yi.

Ga garin maganin tsayar da jinin da kika ce a yi miki, na ba Kamaruddeen direba a tashar Tsanyawa. Na karanta bayaninki har sau biyu. Wato fararen ɓeraye za ku ba maganin barci, ku ɗan yanki bakin wutsiyarsu, ku barbaɗa garin Gwaggo, sannan ku zuba wa agogo ido ku ga minti nawa jinin zai yi kafin ya tsaya. Mu nan guba muke sa wa ɓera, ku kuwa har awon abinci kuke yi masa. Allah ya kyauta.

Ran Lahadi Gwaggo ta miƙe a majami'a ta ba da shaida, ta ce 'yarta za ta kai maganinta jami'a. 'Yarta, guda ɗaya ke nan. Ina zaune kusa da ita riƙe da sandarta. Mu biyu ta rena bayan rasuwar Baba, amma shekara goma sha huɗu ni ke sauka fadama in tsinko ganyen nan, ni ke shanyawa, ni ke dakawa, ni ke danne ƙafar manomi yana ihu. Ke ko kaza ake yankawa sai kin rufe ido. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya tsaya mini a rai. Da ni aka bari na wuce aji uku, da yanzu wani zancen ake yi.

Maigidana Micah da yara suna gaishe ki.

Yayarki,
Rachael

19 ga Nuwamba

Glory,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mu da sauƙi. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar da kika kira Gwaggo a wayar Micah, ina bayan rumbu ina ji. Kin ce garin bai yi komai ba, ɓerayen da aka barbaɗa wa da waɗanda aka bari haka nan lokaci ɗaya jininsu ya tsaya. Ni kuwa na ji daɗi har cikin raina. Kwana biyu daɗin ya yi.

A na uku aka kawo Nababa maƙwabcinmu, lauje ya tsarge masa tafin hannu. Kin san Gwaggo, da ta ga jini sai ta manta da ciwon ƙafa. Ranar ko motsi ba ta yi ba. Ta ce a kai shi asibitin Tsanyawa, masu ilimi sun auna maganinta sun ce ƙasa ce. Haka aka ɗora shi a mashin da tsumma jiƙe a hannu. Ya samu sauƙi, an ɗinke. Da suka tafi ta ɗauko gorar garin ta dogara sanda har juji ta zazzage. Matar da take wannan aiki tun Baba bai yi aure ba. Yanzu tuwo ma loma biyu take yi ta ture.

To, ga gaskiyar. Ganyen nan a ɗaki Gwaggo ke sa a shanya shi, kwana bakwai, ta ce rana tana shanye ƙarfinsa. Ke ba ki taɓa tsayawa kin koya ba, na kuma san ba za ki gane ba. Naki a kan rufin kwano na baza shi, kwana uku cikin rana har ya yi fari. Da gangan na yi. So nake ki ji kunya a gaban malaminki ko sau ɗaya. Ban taɓa kawo wa raina ita za ta kwashi kunyar ba.

Ga sabon gari nan, wannan a ɗaki ya bushe, na rantse miki. Ki roƙi malaminki a sake gwadawa. In ya tambayi dalili ki faɗa masa abin da yayarki ta yi, kada ki rufa mini asiri. Ban san abin da agogonku zai nuna ba, amma dai a auna nata na gaskiya.

Jiya na durƙusa a gaban Gwaggo na faɗa mata komai, ina jiran ta zage ni. Sai ta shafa kaina, ta ce in daina yi wa kaina ƙarya don in sanyaya mata rai, ita abin da Glory ta faɗa ta riƙe. Ko laifina ma ba ta karɓa daga bakina ba. Don Allah ki kira ta, ke za ta ji.

Ki yafe mini in za ki iya.

Yayarki,
Rachael