Kar Wanzami Ya Sake Shigowa

Yaya Zaharaddin,

Na fita neman taksi. Ban tashe ka ba, na ga gajiyar hanyar garin Gidar a jikinka.

Jiya da la'asar na dawo daga farmasi na tarar da Ɗan'azumi wanzami a zaure, ya jera ƙahonni, aska a hannu. Baba ne ya aika aka kira shi. Wai kumburin da ke ƙirjinsa, inda likitoci suka dasa masa injin zuciya, mataccen jini ne, a tsaga a zuƙe. Har ya yi tsaga ɗaya kafin na riƙe hannunsa. Na zage shi tas a gaban Baba, Allah ya yafe mini.

Yanzu wurin ya yi ja, jikin Baba zafi rau. Asibiti za mu koma, ko yana so ko ba ya so. Ka zauna a zaure, kar kowa ya shigo masa da aska ko magani.

Da safe ya tambaye ni ko injin nan zai bar shi ya tafi in kwanansa ya ƙare. Kai ma zai tambaye ka.

Hamida