Rabon Sixten

Zuwa ga ƙanena Sixten,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Bronwyn da yara, can Ostareliya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta maka ciwon bayan nan da kake ɓoyewa kana zaton ban sani ba. Ni dai ga ni nan. 'Yata Ylva tana Malmö, aiki ya cinye ta, sai gaisuwar waya. Gidan kuma tun rasuwar maigidana Rune ya yi mini faɗi, rediyo nake kunnawa don kawai in ji wani yana magana.

Daga filin jirgin Arlanda nake rubuto maka, ina jiran jirgin Luleå, zan je can arewa duba Mama. Na zo da wuri, ka san halina, na sayi kofi da burodin kirfa. Kofin ba laifi, burodin kam da Mama ta ɗanɗana da ta ce wanda ya gasa shi ba ya ƙaunar mutane. Wurin cike yake, amma kowa ya bar kujera tsakaninsa da na kusa, ya sunkuya kan wayarsa. Ni ma mai gunagunin, jakata na ɗora a kujerar gefe. Kaɗaici ya ishe ni, Sixten, ba zan ɓoye maka ba.

Ina cikin ci sai Maj-Britt ta kira, mai jinyar Mama a gidan tsofaffi. Ta ce in shirya zuciyata, Mama ta rame, ba ta cinye komai, ko burodin shan kofi sai ta yanka ta ture rabi gefe. Na yi dariya, na tambaye ta ko yau ta sauka ƙasar nan, wa ya taɓa ganin mutumin kirki ya ɗauki gutsuren ƙarshe? Ka tuna farantinmu na ranar Lahadi. Baba ya raba burodin ƙarshe biyu, Gwaggo Dagny ta raba rabin, a yi ta yanka har wuƙa ta rasa abin kamawa. Kai kaɗai ne marar kunyar da ke miƙa hannu ya lashe, Mama na dariya tana ce maka acici.

Maj-Britt ba ta taya ni dariyar ba. Ta ce ba kara Mama take yi ba. In sun zo ɗauke farantin sai ta riƙe shi gam, ta ce su bari, na Sixten ne, yana waje yana wasa cikin ƙanƙara, yanzu zai shigo da yunwa. Abincin rana haka, na dare haka. Likita ya ce in ta ci gaba da cin rabi, da wuya ta ga narkewar ƙanƙarar bana. Ni kuwa ta manta sunana tun bara, “matar nan ta kudu” take kirana. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, har yanzu yana yi.

Na san nisa, na san aiki, na san ka ce sai Kirsimeti mai zuwa. Ba za ta kai ba. Ga shi an kira jirginmu, dole in tashi. Ka gaishe da Bronwyn, ka rungume mini Tova da Nils, Ylva ma tana gaishe ku.

A zuwana na baya na ga rabin a farantinta, ban san ko na wa ne ba, na miƙa hannu. Ta buge mini yatsu, ta ce ba nawa ba ne. Ka zo ka zauna gabanta ka ci rabonka, ko ta yarda ta ci nata. Babu wanda za ta bar wa sai kai.

Yayarka,
Gunnel